"Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo": to in tsuntsu ne a ɗakin fa?

Bazazzagi a Ohayo:
Assalamu alaikum jama'a. Ku raba mana gardama. A nan Amurka akwai wani jinsin tsattsewa da suke kira matin, namijin baƙi ne mai sheƙi, in rana ta haske shi sai ya ba da launin shuni. A duk yankin da ke gabas da duwatsun Roki, tsuntsun nan kusan ya daina sheƙa a kogon itace, sai a gidan da mutum ya tanadar masa. Tun da daɗewa ƙabilun asali irin su Cokta da Cikaso ke fafe duma su rataya masa kusa da matsuguninsu. Har yau wasu duman suke ratayawa, wasu kuma akwati suke yi na katako ko alminiyam mai ɗakuna 6, 8 ko 12, su ɗora a kan dogon ƙarfe mai tsawon ƙafa 12 zuwa 18. Sai dai ba a kafe gidan a sama. Igiyar waya ce ke riƙe da shi, ta bi ta kan wata 'yar taya a ƙololuwa kamar sandar tuta, a ƙasa kuma akwai abin murzawa da hannu. Duk bayan kwana 5 zuwa 7 mai shi zai murzo gidan ƙasa, ya buɗe ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga ƙwai da 'ya'ya, ya duba ko sheƙa ta jiƙe ko ƙwari sun shiga, sannan ya mayar.

Na ba wani abokina labarin, na ce masa ai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ya ce na aza karin maganar inda ba gurbinta ba. Wa ke da gaskiya?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya fi ka gaskiya, ƙanena. Ana faɗin wannan magana ne don a kwaɓi mai shisshigi. Mace ta yi yaji, dangi sun taru suna cewa me ya haɗa ki da wannan bawan Allah mai haƙuri, sai wata tsohuwa ta ce ku ƙyale ta, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wato mai kwana ciki, wanda ruwan ke ɗiga a kan tabarmarsa, ba wanda ya biya kuɗin kwano ba. A labarinka tsuntsu ne mai kwana ciki. Mai murza ƙarfen nan ɗan leƙe ne, irinsa ma ake yi wa karin maganar.

Baba Mai Tantabaru:
Allah gafarta Malam, in a kan mutane ne maganarka dutse ce. Amma dabba ba ta da bakin kai ƙara. Ni tantabaru nake kiwo, a tukwane da tsofaffin garewani da na jera jikin katanga. Tantabara ƙwai 2 take yi, ta kwanta a kai kamar kwana 18. In ƙuma ta cika tukunya uwar ba za ta zo ta gaya maka ba, sai dai ka ga ta ƙi zama, ko ka wayi gari ka tsinci ɗan shila a ƙasa. Tukwanen da hannuna ke kaiwa ina share su in barbaɗa toka. Waɗanda ke can sama sai an aro tsani, sai a yi ta gobe, jibi, kuma a can asarar take. Ko tambaya babu, wanda ya yi dabarar sauko da gida gabansa ya gane cewa mallaka ba ta ba da sani. Neman zama mai ɗaki yake yi, kuma ni a ganina ya zama.

Malam Mai Alli:
Baba, ranka ya daɗe, ka ce "neman zama". Mai nema bai samu ba tukuna.

Bazazzagi a Ohayo:
Malam, bari in ƙara bayani kan abin da ake tararwa in an sauko da gidan, wataƙila ka sassauta. Matin ƙwai 4 zuwa 6 take yi, farare, ta kwanta kwana 15 zuwa 18, 'ya'yan kuma su yi kusan wata guda kafin su tashi. Cikin wannan wata akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a sheƙar, tsutsotsinsa su ɓuya a ƙarƙashin ciyawa, su riƙa shan jinin 'ya'yan. Iyayen na shiga suna fita da abinci, ba su iya yin komai a kai. Mutumin ne zai kwashe 'ya'yan ya sa a bokiti, ya zubar da tsohuwar sheƙar, ya shimfiɗa busasshen ganyen wani itace mai suna fayin, ya mayar da su. Kuma iyayen ba sa gudun 'ya'yansu don hannu ya taɓa su, wannan camfi ne kawai. Yoyo na zahiri ma akwai shi: shi ya sa ake huda ƙananan ramuka a gindin duma don ruwa ya tsiyaye, domin jiƙaƙƙiyar sheƙa da sanyi kashe 'ya'ya suke yi.

Masu wannan sha'awa har ƙungiya gare su, an kafa ta a 1987 a jihar Fensilbeniya, kuma suna kiran kansu masu gidan haya.

Malam Mai Alli:
Madalla, ka kawo mini hujja da bakinka. Mai gidan haya daban, ɗan haya daban. Tambayi duk wanda ya taɓa zaman haya wa ya san inda yake yoyo.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Malam ka sa ni dariya. Ai da masu gidajen haya na mutane za su riƙa zuwa duk mako suna duba rufi, da an daina kai ƙara wajen mai unguwa. Ni dai ina ganin kun kama karin maganar ta ƙafa biyu ne. Akwai sanin jin jiki, wannan na tsuntsu ne, babu mai ƙwace masa. Akwai kuma sanin mai alhaki. Mu a gida in an ce wa magidanci mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, wani lokaci ba kare shi ake yi ba, tuni ake masa: kai ne da gida, kai ya kamata ka sani. Na sha jin iyayenmu mata na faɗa wa mazajensu haka. A wannan fuskar ɗana na Ohayo bai kauce ba.

Malam Mai Alli:
Hajiya, wannan amfani ne na zaurance, juya maganar aka yi don a yi gugar zana. Ina karɓarsa a matsayin reshe, ba tushe ba.

Ɗan Tasha:
Ni duk ba wannan ba. Me mutum ke samu? Ana cin naman ne ko ana sayarwa? In babu, wannan ai wahalar da kai ce.

Bazazzagi a Ohayo:
Ba a ci, ba a sayarwa. Dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta hana kama shi ko kashe shi. Kukansa da kallonsa ake so. A shekarun 1960 wani ɗan kasuwa, J. L. Wade, a garin Griggsville na jihar Ilinoi, ya yi ta sayar da gidajen alminiyam da tallar cewa matin ɗaya na iya cinye sauro 2,000 a rana. Bincike bai gaskata haka ba. Tsuntsun da rana yake farauta can sama, yana kama su mazari da ƙudaje da sauran ƙwari masu tashi, sauro kuwa ƙasa-ƙasa yake, kuma da duhu ya fi fita.

Amma akwai dalilin da ya sa gidan da ba ya saukowa ya zama illa. An kawo gwarar Turai birnin Niyu Yok a farkon shekarun 1850, aka kuma saki wani tsuntsun Turai mai suna sitalin a babban lambun birnin a 1890. Dukansu a rami suke sheƙa, dukansu mafaɗata ne. Suna ƙwace ɗaki, su fasa ƙwai, sitalin har manyan matin yake kashewa. Wanda ya kafe gida a sama ya tafi abinsa, waɗannan yake kiwo bai sani ba. Dokar 1918 ba ta kare su ba, don haka ana cire sheƙarsu duk lokacin da aka sauko da gidan.

Baba Mai Tantabaru:
To ga wadda Malam ba zai musa ba: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Malam Mai Alli:
Wannan kam ta zauna daram. Da ita ka faɗa wa abokinka, ƙanena, da ba a tara mu ba.

Kafintan Sabon Gari:
Yaya na Ohayo, ku bar ni da aikin hannu. Yaya girman ɗakin, yaya ƙofar, kuma me ke hana gidan juyawa ko faɗowa kan mutum?

Bazazzagi a Ohayo:
A da ɗakin inci 6 ne tsawo da faɗi, yanzu an fi son mai zurfin inci 12, don mujiya in ta zura ƙafa da dare ba za ta kai ga 'ya'yan ba. Kowane ɗaki da ƙofarsa mai buɗewa ta gefe ko ta gaba, a rubuta masa lamba. Ramin shiga kuwa, maimakon zagayayye, ana yanka shi kamar rabin wata, lebur a ƙasa, tsayinsa milimita 30. Matin na kutsawa, sitalin ƙirjinsa ba ya wucewa. In ka ƙara ko kaɗan ka buɗe wa ɓarawo, in ka rage ka kulle mai gida a waje, don haka ba aikin kintace ba ne. Fenti fari ake shafawa saboda zafi.

Ƙarfen ana binne gindinsa cikin kankare. Gidan yana da rami a tsakiya, ƙarfen ya ratsa ta ciki, sai ya riƙa zamewa sama da ƙasa a miƙe. Kada ka yi irin wanda ake kwantar da sandar gaba ɗaya, ƙwai za su gangaro. In ƙarfen mai kusurwa huɗu ne gidan ba zai juya ba. In zagayayye ne sai ka yi alama, domin tsuntsun da alƙibla yake gane ɗakinsa: ƙofar da ke kallon gabas in ta koma yamma iyaye sun rikice ke nan. Ana soka ƙaton noti a jikin ƙarfen sama da kan mutum, ko da igiya ta tsinke gidan ya tsaya a nan, kuma duk da haka ba a tsayawa a ƙarƙashi. Sai wani faffaɗan bututu da ake sa wa ƙarfen daga ƙasa don maciji da wata dabba mai suna rakun, dukansu gwanayen hawa ne. Wurin kuma fili ake so, aƙalla ƙafa 40 daga dogayen itatuwa, amma kusa da gidan mutane, don tsuntsun ya fi sakewa inda ake kai da kawowa.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Wannan ya tuna mini da shamuwa. Ita ma ba ta son daji, cikin gari take sheƙa, ta zo gab da damina ta koma kudu in ruwa ya ɗauke, kuma babu mai jifanta. Shi naku ina yake zuwa?

Bazazzagi a Ohayo:
Nahiyar Amurka ta Kudu, Hajiya, galibi Birazil. Yana isowa Filorida tun watan Janairu, jihohin arewa sai wajen Afrilu. Tsofaffin na komawa gidan da suka yi 'ya'ya lafiya bara. Sabon gida yawanci matasan da aka ƙyanƙyashe bara ne ke kama shi, su kuma sai bayan makonni suke isowa. Wasu na kunna musu naɗaɗɗen kukan asuba na matin don su sauko su duba. Hatsi ba ya jawo su ko kaɗan, sai dai a ajiye musu dakakken ɓawon ƙwai. In lokaci ya wuce a wanke gidan a toshe ramukan har wata shekara.

Baba Mai Tantabaru:
Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan karon ma gorar ta gaske ce.

Malam Mai Alli:
Baba yau kai ke da kasuwa. Amma a kan ta farko ina nan inda nake. Mutumin ya san abin da ya gani ranar da ya sauko da gida. Daren da aka yi ruwa da iska yana cikin bargonsa.

Hajiya 'Yar Damagaram:
To Malam, uwa da jariri fa? Ba ita cikin ke wa ciwo ba, amma wa ya fi ta sani?

Malam Mai Alli:
Uwa a ɗakin take kwana, Hajiya.

Kafintan Sabon Gari:
Ni in na ƙera irinsa a nan, wane tsuntsu zai shiga?

Baba Mai Tantabaru:
Matin dai babu shi a ƙasarmu, ɗana, kada ka yi asarar katako. Kurciya 'yan tsinke take jerawa a reshe, masu saƙa kuma nasu suke saƙawa, ba ruwansu da akwatinka. Gwara ce za ta shiga. In tsuntsaye kake so a tsakar gida, sa ruwa a kasko a inuwa lokacin bazara, ka ɗaga shi inda kyanwa ba ta kaiwa, ka riƙa sauyawa kullum don kada sauro ya yi ƙwai, ka watsa ɗan gero gefe. Amma dabarar igiyar nan ina so. Ka faɗaɗa ɗakunan su kai kamar ƙafa guda, ka buɗa ƙofar yadda tantabara za ta shiga, ka nemi mai walda ya yi mana ƙarfe mai kauri don nauyin zai ninka. In ka yi lissafi ka turo mini kuɗin mai ɗaki 8.