Waɗanda faɗuwar 2022 ta same ku da kirifto a hannu, yaya ta kaya?

Ɗan Autan Gida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai ɗan kuɗin da na jima ina tarawa daga albashi, yanzu sun kai a yi wani abu da su, kuma kowa da irin shawarar da yake ba ni. Abokan aikina sun ce kirifto kawai, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, yayana kuma cewa yake in sayi zinari ko in ƙara haƙuri in haɗa kuɗin fili. Ni dai na gaji da jin "zai kai kaza nan da shekara kaza", abin da ya faru da mutum a zahiri nake son ji. Waɗanda suke riƙe da kirifto lokacin da kasuwa ta rushe a 2022, musamman masu wata kadarar a gefe, dan Allah ku faɗa mana me kuka sayar, me kuka riƙe, kuma in da yau ne me za ku yi.

Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ni na fara sayen Bitcoin a 2020 kaɗan kaɗan duk wata, ina kallo ya hau har kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021, kuma ina kallo ya gangaro ƙasa da dala 16,000 a Nuwamban 2022. Ban sayar ba, amma kar ka ɗauka jarumta ce ko wani ilimi, albashina ne yake ɗauke da gida kuma Allah bai kawo wata lalura ba a shekarar, shi ya sa na iya jira har ya wuce dala 73,000 a Maris ɗin 2024, ya haye 100,000 a Disamba. Sai dai akwai abin da masu ba da irin labarina ba sa faɗa. A lokaci guda na sayi wasu ƙananan koyin, wato wasu nau'o'in kirifto, da aka yi ta yayi, har yau ba su dawo ko kusa da inda na saye su ba, wasu ma an cire su daga kasuwa gaba ɗaya. To in an ce maka "kirifto ya dawo" ka tambaya wanne, domin koyin dubbai ne kuma mafi yawansu ba su dawo ba.

Maman Biyu:
Ni labarina daban ne da na Injiniya gaskiya. A ƙarshen 2021 na shiga, lokacin da kowa yake maganarsa, na zuba kusan rabin abin da na mallaka, sauran rabin kuma awarwaro ne da sarƙa na zinari da nake da su tun da daɗewa. A tsakiyar 2022 mahaifiyata ta kwanta, aka ce sai an yi mata aiki kuma ba a jira, na buɗe wayata a bakin ɗakin da take kwance na ga abin da na saka ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba, wallahi hannuna har rawa yake. Da na sayar a ranar da asarar ta tabbata kuma kuɗin ma ba za su isa ba. Sai na kwashi zinarin na kai wa mai saye, ya goga a dutse, ya ɗora a sikeli, ya cire kuɗin ƙira wanda dama ba a mayar maka da shi, amma kafin la'asar kuɗin aikin suna hannuna, kuma abin da na samu bai yi nisa da abin da na san darajarsu ba domin a shekarar zinari bai wani motsa ba, kusa da dala 1,800 ya fara kuma kusa da nan ya ƙare. Kirifton na bar shi har ya farfaɗo daga baya, amma zinarin ne ya ba ni damar barin sa. Ɗan Auta, kafin komai ka tambayi kanka, in lalura ta taso gobe me za ka taɓa?

Baban Yara:
Allah ya ƙara wa Mama lafiya, Maman Biyu. Bari in kawo ɓangaren fili tunda yayanka ya ambata. Ni fili gare ni a lokacin da ɗan kirifto kaɗan, kuɗin makarantar yara suka taso tare da wani bashi da ya zo wuya. Na sa filin a kasuwa, dillalai suka yi ta kawo mutane ana zagayawa ana tafiya, wannan ya ce takardu, wancan ya ce zai dawo, watanni suka wuce, a ƙarshe sai da na karya farashi sosai kafin ya tafi. Kirifton kuwa cikin mintuna na sayar, a kan asara dai, amma ya fita. Mutane suna cewa fili ba ya faɗuwa, ni a ganina yana faɗuwa, kawai dai babu allon da yake nuna maka farashinsa kowane daƙiƙa, sai ranar da ka matsu za ka san nawa yake. Amfaninsa shi ne kana barci, ba ka tashi tsakar dare kana duba waya. Kuma ba za ka iya yankar ɗan gefe ka sayar don biyan ƙaramar buƙata ba.

Tsohon Ɗan Fiyuca:
Ni gargaɗi ɗaya na zo da shi. Sayen koyin a ajiye daban, tiredin na fiyuca daban, kar wani ya haɗa maka su. A fiyuca aro kake yi ka ninka kuɗinka, in ka ɗauki ninki 10 to farashi ya juya maka da kusan kashi 10 cikin 100 kawai an share duk abin da ka saka, ko da bayan awa ɗaya ya koma inda ka yi hasashe kai dai an riga an fitar da kai. A kasuwar da take iya motsa kashi 10 a yini guda! Haka jarina ya ƙare a 2022, ba faɗuwar kasuwar ce ta cinye shi ba, ninkin ne. Masu sayar da sigina a guruf guruf, wato masu gaya maka lokacin saye da sayarwa, su da kuɗin rajistarka suke ci, ko ka samu ko ka rasa.

Malamar Lissafi:
Ni hannun jari na fi riƙewa, kirifto ɗan kaɗan ne a wajena, kuma 2022 ta taɓa ni ta duka biyun. Ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka ya sauka da kusan kashi 19 cikin 100 a shekarar, Bitcoin kuma ya sauka da sama da kashi 60, wato sun faɗi tare, maganar da ake yi cewa kirifto zai kare ka in sauran kasuwanni sun faɗi ba ta yi aiki ba a lokacin, bankunan ƙasashe suna ɗaga kuɗin ruwa kowa ya gudu daga duk abin da yake da haɗari. Lissafin da nake so Ɗan Auta ya riƙe shi ne, abin da ya faɗi da kashi 20 yana buƙatar hawan kashi 25 ya dawo, wanda ya faɗi da kashi 75 kuwa sai ya ninka sau huɗu. Bambancin da na gani da idona, a duk tsawon faɗuwar kamfanonin da nake da hannun jarinsu sun ci gaba da sayar da kaya suna raba riba, ina ganin ɗan abin yana shigowa ina sake sayen wasu da araha. Bitcoin ba ya haifar komai, ribarka ita ce wani ya zo ya saya sama da yadda ka saya, dalilin da ya sa shahararren mai zuba jarin nan Warren Buffett ya ƙi shi ke nan, kuma zinari ma haka yake in za a yi adalci.

Amma kar a ce na zo tallar hannun jari. Daga 2007 zuwa Maris ɗin 2009 wannan S&P ɗin ya zubar da sama da rabin darajarsa, sai 2013 ya dawo. Kasuwar Japan ta kai ƙololuwa a ƙarshen 1989 ba ta sake ganin wajen ba sai Fabrairun 2024. Zinari ya kai dala 850 a 1980 sai 2008 ya sake wuce nan. Babu wanda ba ya faɗuwa, zurfin ramin da yawan faɗawa cikinsa ne suka bambanta, Bitcoin ya yi irin wannan daga kusan 20,000 a ƙarshen 2017 zuwa wajen 3,200 a ƙarshen 2018, ya sake a 2022.

Anti Nas:
Ni ko damar yin asarar kasuwa ban samu ba. Wata manhaja ce aka kawo mana a wajen aiki, a saka kirifto ana ba da riba tsayayya duk wata, watannin farko sun biya har na ƙara, rana ɗaya aka wayi gari maɓallin cire kuɗi ya daina aiki, suka ce gyara ake yi, bayan nan guruf ɗin ma aka rufe. Lambobin suna nan a allo kuɗin babu. Har yanzu in na tuna wadda na jawo ta shiga raina yana ɓaci fiye da nawa kuɗin.

Injiniya:
Allah ya mayar da alheri Anti. Kuma ba ƙananan manhajoji kaɗai ba ne. A Mayun 2022 wasu koyin biyu, Terra da Luna, suka rushe cikin 'yan kwanaki, alhali ana ba masu ajiya ribar kusan kashi 20 a shekara a kan koyin ɗin da aka ce daidai yake da dala. A Yuni kamfanin ajiyar kirifto na Celsius ya hana cire kuɗi. A Nuwamba FTX, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kirifto na duniya, ya durƙushe da kuɗin mutane kusan dala biliyan 8, mai shi Sam Bankman-Fried aka yanke masa shekara 25 a 2024. Tun 2014 ma kamfanin cinikin Bitcoin na Mt. Gox ya yi irin haka a Japan. A ƙasashe da yawa ajiyar banki tana da inshora zuwa wani adadi, kirifto ba shi da wannan. Shi ya sa na kwashe nawa zuwa walet, wato ma'ajiyar kirifto ta kaina, da ni kaɗai ke da kalmomin sirrin buɗe shi.

Mai Aiki Ta Intanet:
Ni ta wata fuska kirifto ya amfane ni kuma ba zan ɓoye ba. Da USDT, koyin da aka ɗaure darajarsa da dala, ake biyana aikin da nake yi wa mutanen waje, yana shigowa cikin mintuna, kuma lokacin da kuɗin ƙasarmu yake ta zubewa ajiyata ba ta narke ba. Sai dai wannan ba zuba jari ba ne, riƙe dala ne ta wata hanya, ba ya ƙaruwa. Shi ma da nasa haɗarin, a Maris ɗin 2023 USDC, wani koyin irinsa, ya sauka ƙasa da senti 90 na ɗan lokaci da bankin Silicon Valley ya faɗi, domin wani ɓangare na ajiyar kamfanin da yake fitar da USDC ɗin yana can.

Malam Na Gefe:
Ɗan Auta kar ka manta da ɓangaren addini. Malamai sun saɓa, Muftin Masar ya haramta Bitcoin, majalisar malaman Indunusiya ta ce bai halatta a matsayin kuɗi ba a 2021, majalisar shari'a ta hukumar kasuwar hannun jarin Malesiya kuma ta halatta cinikinsa a 2020. Ni da na ga zuciyata ba ta natsu ba sai na fita tun kafin faɗuwar na koma zinari, ina fitar da zakkarsa in ya kai nisabi. Ka zauna da malamin da ka yarda da shi, ka kuma bayyana masa ainihin abin da za ka yi, domin saye a ajiye da fiyuca da ajiya mai riba tsayayya ba hukunci ɗaya ba ne.

Ɗan Autan Gida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Abin da Maman Biyu ta faɗa ya tsaya min, domin gaskiya duk ajiyata ke nan, babu wani abu a bayanta. Zan fara ware na lalura inda zan iya taɓawa a yini ɗaya, mafi yawan sauran zinari da hannun jari, in ma zan shiga kirifto to Bitcoin ne kaɗai kuma da abin da in ya ragu da kashi 75 ba zai hana ni biyan haya ba. Yaya Injiniya tambaya ɗaya, wannan walet ɗin da ka ce kai kaɗai ke da kalmominsa, in ta Allah ta kasance iyali fa?

Injiniya:
Tambaya mai kyau, kuma a nan fili da zinari sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, magada suna ganinsu. Walet kalmomi 12 ne ko 24, duk wanda ya same su ya mallaki kuɗin, in sun ɓata kuma babu ofishin da za a je a dawo da su. Ni na rubuta nawa da biro a takarda, ban taɓa ɗaukarsu a hoto ko in tura ta WhatsApp ba, na ajiye tare da takardun gida, matata ta san wajen, na kuma zaunar da ƙanina na nuna masa yadda ake buɗewa da wani walet na gwaji mai ɗan canji a ciki har ya iya da kansa. Ka yi wannan tun kafin kuɗin su yi yawa.