Na sake ɗaure injin BMW E36, doki nawa zan samu?

Mai Jar Mota:
Salamu alaikum. 328i ce da ni, injin M52 mai lita 2.8. Wata uku tana gareji, mun sa sabon ringi da gasket. Raina na kan motar nan ƙwarai. Yanzu bakanikena ya ce in nemo manifol ɗin M50, wato bututun shigar iska na injin BMW da ya gabaci M52, a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ƙarfin doki nawa zan kai?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam ɗana. Daga kamfani 193 take. Ringi da gasket ƙarfin da ya zube suke maido maka, ba sa ƙara komai. Manifol ɗin M50 kuwa hanyoyin iskarsa sun fi faɗi, za ka haura 200 kaɗan in an saita kwamfutar motar. Sai injin ya yi sama za ka ji bambancin, wajen tashi ma za ta ɗan yi nauyi.

Ɗan Panteka:
Malam, fara da famfon ruwa da lagireto. Famfon asali farfelar roba gare shi. Tawa a hanyar Zariya ta fashe, injin ya yi zafi har kan silinda ya lanƙwashe.

Mai Jar Mota:
Na gode Baba. Famfo mai farfelar ƙarfe zan fara nema gobe in sha Allahu.