Don Allah wa zai ba ni Hausar "mystical experience" kafin gobe?

Mai_Shiri: Jama'a a taimaka, gobe da safe zan naɗi shirin kimiyya. Labarin wata takardar tambayoyi ne, MEQ30, ta jami'ar Johns Hopkins a Amurka, tambaya 30 da ake wa wanda aka ba silosaibin, sinadarin wata irin laimar kwaɗi. An fassara ta zuwa Sifaniyanci sannan aka tantance ko abin da take aunawa a Turanci shi take aunawa a bakin ɗan Meziko ko Sifen. To ni yaya zan kira yanayin da ake aunawar?

Bazazzagi: Buguwa mana. Wanda ya sha zaƙami ai ba sabon suna muke nema masa ba.

Mai_Shiri: A'a yaya, ba jiri ko layi ake tambaya ba, ana tambayar ko ka ji ka haɗe da komai, ko lokaci da wuri sun ɓace maka, ko abin ya fi ƙarfin faɗa da baki.

Malam_Zaure: Wannan ai siffar fana'i ce, ko kashafi, a bakin Sufaye. Amma wallahi kada ki sa su a rediyo kan abin da aka haɗiya, kafin azahar an cika miki waya.

Tsantsa: Kuma duk Larabci ne! Ni tuntuni na ce TONA-ZUCI. Humphry Osmond da ya ƙirƙiro kalmar saikedelik, sunan magunguna irin su silosaibin, daga Girkanci ya haɗa ta, ma'anarta bayyana zuci, mu me ya hana mu?

Bazazzagi: Tona-zuci kamar sunan maganin tsutsar ciki.

Tsantsa: Ku matsalarku kenan, in Bature ya ƙirƙira ilimi ne in Bahaushe ya ƙirƙira abin dariya. Su masu Sifaniyanci da suka ce psicodélico wa ya yi musu dariya?

Ta_Damagaram: Ai su aro suka yi malam, hujjarka ta rushe kanta. Kuma kai sunan maganin kake ba ta, ita yanayin take nema. Mu nan da shauƙi za mu ce.

Tsantsa: Shauƙin ma Larabci.

Malam_Zaure: Har "ilimi" da ka rubuta yanzu.

Mai_Shiri: To na ɗauki "shauƙin ruhi", zan bi shi da bayani jimla ɗaya. Akwai kuma wata takardar tambayoyi ta jin daɗin rayuwa, ita na sa mata "walwala", wannan dai ba mai musu ko?

Malam_Zaure: Da sauƙi, amma ki ce "abin da suke kira".

Tsantsa: Ki dai ambaci tona-zuci ko sau ɗaya ne.