In gyara tsohuwar ko in sayi 'yar gwanjo?

Yayan Zainabu (Garwa): Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata tana shekara ta biyu a jami'ar Ngaundere. Kwamfutarta ta faɗo daga kan gado, gilashin ya tsage, amma tana kamawa. Tsohuwa ce, Core i3, RAM (ma'ajiyar aiki) giga 4. Mai gyara ya ce sefa dubu 35 zai sa wani gilashin. Ni kuma dubu 130 ne a hannuna, babu ƙari. In gyara ne, ko in saya mata 'yar gwanjo? In saye ne, wace iri ce mai ƙarko? Rubutu da Excel kawai take yi.

Ɗan Marwa: MacBook kawai, Yaya. Ka saya ka huta.

Baban Hauwa: Dubu 130 fa ya ce. Ko ledar da ake saka ta za ka sayo masa?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Sunan kamfani kaɗai ba ya wadatarwa, kowane kamfani yana da na gida da na ofis. Ka nemi na ofis: ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, ko EliteBook na HP. Jikinsu ya fi ƙwari, kayan gyaransu kuma sun cika kasuwa. Kada ka sayi Intel ɗin da bai kai zubi na 8 ba, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma daga zubi na 8 take farawa. ThinkPad T480 misali ne mai kyau, ana ƙara mata RAM. Ka duba madannan ma. Masu zuwa ta Najeriya QWERTY ne, wato tsarin Turanci, yarinyar da Faransanci take karatu, za ta sha wahalar neman é da ç.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai ba ni da bakin magana kan iri. Masu gyara nake ja maka kunne a kansu, ɗana. Bara na saya wa babban ɗana tasa, lafiyarta ƙalau, sai fankarta ta fara ƙara. Muka kai wa wani a kasuwa, ya ce a dawo jibi. Jibi ta zama mako uku, kullum "oga ya tafi Dwala sayo kaya". Da ya ba mu, na juya bayanta na ga kusoshi biyu babu, gefe ɗaya an liƙe da salatif baƙi. Yaro ya kunna, RAM giga 8 ta koma 4. Abin da ya fi ci mini rai, SSD ɗin ma, wato faifan ajiya mai sauri, an cire an sa tsohon faifai, aikinsa na kammala digiri gaba ɗaya yana ciki. Ranar yaron nan ko abinci bai ci ba. Na koma shagon, mutumin ya dube ni ya ce, "Hajiya, haka kuka kawo ta." Na bar shi da Allah.

Maman Sadiya: Innalillahi. Allah ya isar miki, Hajiya. Ba ki kai shi wajen jandarma ba?

Hajiya Mai Atamfa: Da wace shaida, 'yar uwa? Ko rasit bai ba mu ba.

Na Kusiri: T480 ɗin da Malam yake faɗa, a nan dubu 95 ka ɗauka.

Baban Hauwa: Wace shekara? Satin nan na taya a Garwa, dubu 170 aka ce, da kyar ya sauko 155.

Ɗan Marwa: Ku tsallaka Mubi mana, naira ta faɗi, sefa tana da daraja.

Na Kusiri: In ta lalace kuma ka sake tsallakawa da garantinka a aljihu?

Injiniya: Ni sana'ata ke nan, kuma ba duka muka taru muka zama ɗaya ba, Hajiya. Ta dubu 95 ɗin nan, ka shiga BIOS, wato saitin farko na kwamfuta, ka gani, da yawa a kulle suke da lambar sirrin kamfanin da ya yi amfani da su a Turai, ko batirin ya kumbura har ya ɗaga wurin linzami. Mafi yawan abin da ake kawo mini ba laifin iri ba ne. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, ga zafin Garwa a watan Afrilu ya wuce 40, mutum kuma ya ɗora ta kan katifa. Yaya, ka gyara gilashin, ka sa SSD da RAM, ka riƙe canjinka.

Baban Hauwa: Mai gyara ya ce a gyara. Mai sayarwa zai zo ya ce a saya.

Injiniya: To wa za a tambaya, Alhaji? Mai koyar da lissafi?

Malamin Lissafi: Ni dai ba ni da shago, ba abin da zan ci a ciki.

Ɗan Marwa: A saya mata littafi da biro. Ba sa neman caji.

Maman Sadiya: Wallahi ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kowace bazara sai a ce ruwan Lagdo ya ja baya, a riƙa raba mana wuta unguwa-unguwa. In ta dawo kuma da ƙarfi take dawowa. Cajar mijina ta ƙone, firij ma ya bi ta, takardar biya kuwa ba ta taɓa makara ba.

Ba'injamine: Ku gode wa Allah, ku har kuna da abin da ake rabawa. Mu a Injamena janareton maƙwabci muke kai wa caji.

Na Kusiri: Sola ce mafita. Nawa faranti ɗaya da batir a Garwa yanzu?

Yayan Zainabu: Na gode jama'a, amma ranar Lahadi za ta hau mota. In gyara ne ko in saya?

Baban Hauwa: Ya danganta da batirin, Na Kusiri. Na ruwa kake so ko lithium?