Iyon kwaɗo: me ya sa Tatjana ta ci gasa alhali kamar ba ta sauri?

Maman_Hauwa, Garwa

Assalamu alaikum. Na kalli wasan ƙarshe na mita 100 na iyon kwaɗo a Olamfik na Faris, 2024. 'Yar ƙasar Sin ce ta fara juyowa, Tatjana Smith ta Afirka ta Kudu kuwa kamar ba ta sauri, amma ita ta fara taɓa bango. Ta yaya? Sannan yarinya 'yar shekara 12 mai koyo a pisin (wurin iyo) na mita 25, me za a fi matsa mata a kai?

Koci_Binuwai

Wa alaikumus salam, Hajiya. Idonki ya ga daidai. Tatjana ta gama a minti 1:05.28, 'yar Sin ɗin, Tang Qianting, a 1:05.54. Tatjana asalinta gwanar mita 200 ce. A Olamfik na Tokiyo, 2021, tana amsa sunan Schoenmaker kafin aurenta, ta yi 2:18.95, ta karya tarihin duniya na 2:19.11 da ya tsaya tun 2013. Wadda ta saba da tsere mai nisa ba ta mutuwa a mita 15 na ƙarshe, inda hannun saura yake yin nauyi.

Iyon kwaɗo shi ne mafi jinkiri cikin salon iyo huɗu na gasa, domin duk lokacin da aka naɗe ƙafa sai ruwa ya tare cinya kamar birki. Gwana ita ce wadda birkinta ya fi gajarta. Jerin ba ya canzawa: hannu ya jawo, a ɗauki numfashi, hannu ya harba gaba, sannan ƙafa ta yi shuri, jiki ya miƙe sambal, kai tsakanin damatsa. Yara kan jawo da hannu su yi shuri lokaci guda, sai ƙarfin biyu ya cinye juna, ka ga yarinya tana ta fama a wuri ɗaya.

Diddige ake kaiwa wajen ɗuwawu, ba gwiwa ake jawowa ƙarƙashin ciki ba. Gwiwoyi kada su buɗe fiye da faɗin kafaɗa sosai, tafin ƙafa ya juya waje. A ba yarinyar mita 25 sau takwas, shuri biyu jawowa ɗaya, hutun daƙiƙa 20. Sai wasu takwas tana ƙirga jawowarta. In yau 14 take yi, a nemi 12 ba tare da lokacinta ya ƙaru ba.

Alƙalin_Bango, Marwa

Malam Koci ya yi bayani, sai dai kada a ɗauka miƙewa ce kaɗai hanya. Lilly King ta Amurka ta kafa tarihin duniya na mita 100, 1:04.13, a Budafes a 2017 da saurin juya hannu. A mita 100, wadda ta daɗe a miƙe har gudunta ya mutu ta yi asara. Da zarar ta ji ruwa ya fara riƙe ta, ta jawo.

Hajiya, doka ta fi fitar da yara daga gasa fiye da rashin gudu. A juyawa da gamawa, hannu biyu za su taɓa bango lokaci guda, a rabe, ba ɗaya a kan ɗaya ba. Bayan tsallen farawa da bayan kowace juyawa an yarda da jawowa guda har cinya, da bugun kifi guda tak, wato ƙafa biyu a haɗe su kaɗa ƙasa. Aka ƙara na biyu, an fita. Bayan nan hannu ba ya wuce ƙugu, kuma a kowane zagaye na jawowa da shuri sai kai ya ɓullo. A pisin na mita 25 ana juyawa sau uku a mita 100, na Olamfik mai mita 50 sau ɗaya, don haka lokacin ƙaramin pisin yakan fi kyau. Kada a gwada shi da na talabijin.

Anti_Fisiyo, Njamena

'Yar'uwa, ki lura da gwiwa. Shurin kwaɗo yana murɗa jijiyar gefen ciki na gwiwa, da naman matsematsi. In ta ce nan yana mata zafi, a dakatar da shurin, ta koma iyon rigingine har ya lafa, a duba ko buɗe gwiwa take yi da yawa. A shekarunta kada kwaɗo ya zama rabin atisaye ma, ta koyi salo huɗun duka.

Kada kuma a ce za a ƙara mata awa a kogi don pisin ya yi tsada. Ga tsargiya, ga dorina a Binuwai.

Batun shekaru, kada a ƙosa. Ruta Meilutyte ta ci zinare a Olamfik na Landan tana 15, amma Tatjana ta rasa gurbin Olamfik na Riyo a 2016, sai tana 24 ta samu zinarenta na farko, ta yi ritaya tana 27 da zinare biyu da azurfa biyu.

Maman_Hauwa, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam Koci, shuri biyu jawowa ɗayan nan, da allon iyo ake yi ko hannu sake?

Koci_Binuwai

Hannu sake, Hajiya, a miƙe gaba, fuska cikin ruwa. Allo yana ɗaga kai, ƙugu ya nutse.