Idan jami'an tsaro suka kashe mutum ba bisa doka ba, ina dangi za su dosa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Masana shari'a, don Allah a haska mana. Idan soja ko ɗan sanda ya harbe mutum a shingen bincike ko wajen zanga-zanga a Najeriya, me dangi ya kamata su fara yi? Kuma wace kotu ce ke sauraron irin wannan?

Barista Kaduna: Wa alaikumus salam, Malam. Yawancin irin wannan ƙara tun ranar farko take mutuwa, saboda gaggawar yi wa mamaci sutura. Kafin a yi masa wanka, a ɗauki hoton raunin, inda harsashi ya shiga da inda ya fita. A kai shi asibitin gwamnati likita ya rubuta musabbabin mutuwa, a karɓi takardar. Rigar da jini ya ɓata a shanya ta a inuwa a ajiye cikin ambulan na takarda, domin leda tana sa ta ruɓe. A rubuta lambar motar sintiri, sunan da ke ƙirjin kaki, lokaci da wuri. Shaidu su yi rantsuwa a kotu cikin makon, tun kafin tsoro ya shige su.

Sai lauya ya shigar da ƙarar tauye haƙƙin rayuwa bisa sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999, a babbar kotun jiha ko ta tarayya. Ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun ba dangi damar tsayawa a madadin mamaci, kuma ba su yanke wa'adi ba. A haɗa da shugaban rundunar cikin waɗanda ake ƙara, kurtu shi kaɗai ba shi da abin biya.

Hajiya Mai Nazari: Barista ya faɗi gaskiya, amma a san cewa diyya daban, hukunta mai laifi daban. Gurfanarwa a hannun gwamnati take, ga shi jami'inta ne ake tuhuma. Ku dubi kisan da sojoji suka yi wa 'yan Shi'a a Zariya, Disamba 2015. Sakataren gwamnatin Kaduna da bakinsa ya shaida wa kwamitin Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando. Kwamitin ya ce a gurfanar da sojojin da ke da hannu, shawarar ta tsaya a takarda. Ko 'yan kasuwar Apo shida da 'yan sanda suka kashe a Abuja a 2005, sai a 2017 aka yanke wa biyu hukuncin kisa, aka sallami uku.

Barista Kaduna: Haka ne, Hajiya. Ita ma diyyar karɓarta aiki ne. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce sai da amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. A nan hukunce-hukunce da yawa ke kwana.

Na Gwammaja: Akwai ƙofa biyu da ba a ambata ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar koke kyauta. Ita ce a 2014 ta umarci a biya naira miliyan 10 ga iyalan kowane ɗaya daga mutum 8 da jami'an tsaro suka kashe a wani kango a Apo a 2013, da miliyan 5 ga kowane ɗaya cikin 11 da suka jikkata. Kuɗin bai fito ba sai 2018. Sai kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda ba ta sharɗanta sai an gama da kotunan gida. Gwamnati kawai ake kai ƙara can, ba jami'in ba.