Wane irin sirdi ya dace da keken gasar tiriyatlon?

Mai_Feda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin shiga gasar tiriyatlon ta Ironman 70.3, wadda ake yin ninkayar kilomita 1.9, a tuƙa keke kilomita 90, sannan a ƙare da gudun kilomita 21.1. Na sayi keken da aka ƙera musamman domin wannan gasa, mai sandunan nan biyu da ake ɗora gwiwar hannu a kansu a duƙa gaba. Matsalata ita ce sirdi. Idan ina zaune a miƙe babu abin da ke damuna, amma da zarar na kwanta a kan sandunan na ɗan lokaci, sai gabana ya sage, in riƙa zamewa zuwa bakin sirdin ina komawa baya, daga ƙarshe dole in tashi zaune. Shin sirdi mai soso da yawa zan nema, ko kuwa irin mai baki a rabe da nake gani a kekunan ƙwararru? Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Tsohon_Mahayi:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka fitar da kuɗi, ya kamata ka fahimci abin da ke faruwa da jikinka, domin zaman keken tiriyatlon daban yake da na keken titi. A keken titi nauyin mutum yana sauka a kan ƙasusuwan mazaunai guda biyu, waɗanda Allah ya halitta domin zama. Sandar da ke ɗauke da sirdi a irin wannan keke tana tsaye a kusurwar digiri 72 zuwa 74, alhali a keken tiriyatlon takan kai 76 zuwa 80, wato an turo mahayi gaba. Idan ka duƙa, ƙugunka yana juyawa gaba, nauyi ya bar ƙasusuwan baya ya koma kan ƙashin mara da naman da ke tsakanin cinyoyi, inda jijiyoyin jini da na ji suke bi. Dogon bakin sirdi na gargajiya a nan yake dannawa, kuma wannan ne sagewar da kake ji.

Saboda haka soso mai yawa ba zai taimake ka ba, yakan ma ƙara dagula lamarin, domin ƙashi yana nutsewa cikinsa, sosan kuma ya taso ya cika wurin da ake so a bari babu matsi. Abin da ake nema shi ne sirdin da zai tallafi ƙasusuwa biyun nan na gaba ya bar tsakiya a sarari. Wannan ne dalilin da kamfanin ISM ya yi suna da sirdi mai baki a rabe, Specialized ya fitar da Sitero, Fizik kuma ya yi Mistica, dukkansu gajeru ne masu tsagi ko rami a tsakiya. Sai dai a kula da ɗaurawa: irin wannan sirdi ba a sa shi inda tsohon yake, ana mayar da shi baya da 'yan santimita, a ɗan rage tsayinsa, tun da a kan bakinsa ake zama. Mutane da yawa sun sayi sirdi mai kyau sun ɗaura shi ba daidai ba, suka ce bai yi ba.

Duƙawar kuwa kada ka yi tunanin barinta. Tun da Greg LeMond ya yi amfani da sandunan nan a matakin ƙarshe na gasar keke ta Tour de France a 1989 ya doke Laurent Fignon da daƙiƙa 8 kacal a jimillar gasar, kowa ya san irin iskar da suke ragewa. Wanda ya sayi keke mai tsada yana tuƙa shi a miƙe saboda sirdi, ya yi asarar abin da ya biya.

Hajiya_Mai_Ninkaya:

Na yarda da bayanin Baba, amma ni da tsayin sirdi zan fara, ba da sayen sabo ba. Zamewar da ka ambata tana nuna ɗayan biyu: ko dai bakin sirdin ya sunkuya ƙasa da yawa, ko kuma sandunan sun yi maka nisa, kana jan jikinka gaba domin ka kai gare su. Ka jingina keken a kan na'urar atisaye ta gida, wani ya ɗauke ka bidiyo ta baya da waya. Idan ƙugunka yana karkata dama da hagu a duk zagayen feda, ko kana miƙa yatsun ƙafa domin ka kai feda idan ta sauka ƙasa, sirdin ya yi sama, kuma babu irin da za ka saya ya daina gogar ka. Ka rage milimita kaɗan, ka sa alama da tef a jikin sandar, ka gwada, kada ka canza abu biyu a lokaci guda.

Sirdi mai baki a rabe ma ba kowa yake yi wa daidai ba, domin faɗinsa ta gaba yakan kurje cinyar wasu, shi ya sa ISM ɗin suke da jerin PN mai ɗan siriri. Ka tuna kuma wandon tiriyatlon sosonsa ba shi da kauri, saboda da shi ake fitowa daga ruwa a jiƙe, a yi tuƙi, a yi gudu. Da shi za ka gwada sirdi, ba da wandon keken titi mai kauri ba. Ba a sa kamfai a ƙarƙashinsa, a shafa man hana kurjewa kafin a hau, a cire wandon a wanke da zarar an sauka, in ba haka ba gumi zai jawo maruru, musamman lokacin zafi.

Injiniya_Keke:

Abu ɗaya zan ƙara. Idan cinyarka tana kusan taɓa cikinka lokacin da feda ta zo sama, ka duba tsawon ƙarfen feda. Kekuna da yawa suna zuwa da mai milimita 172.5 ko 175, masu tiriyatlon kuwa da dama sun koma 165 domin kusurwar ƙugu ta buɗe, mutum ya zauna wuri ɗaya ba tare da mutsu-mutsu ba. Wasu shagunan keke suna ba da sirdin gwaji ko su karɓi wanda bai dace ba, ka tambaya kafin ka biya. Batun sagewa kuma kada a ɗauke shi da wasa. Ciwon ƙashi na sabon sirdi yakan lafa idan jiki ya saba, amma sagewa ba a sabawa da ita, kuma idan ta ci gaba bayan ka sauka daga keke, ka dakata da atisaye ka ga likita.

Mai_Feda:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ɗauki bidiyon, kuma lalle ƙuguna yana karkata, ƙarfen fedar ma 175 ne. Zan fara da rage tsayin sirdin kamar yadda kika ce. Baba, idan na zo sayen mai baki a rabe, daga ina ake auna nisansa zuwa sandunan, tun da ba shi da dogon baki irin na tsohon?